Karatun tauhidi a Legas: kai na cika, zuciya na bushewa

Ɗan_Saminaka

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a wata makarantar tauhidi a nan Legas. Ikilisiyarmu ta gida ce ta turo ni, ita ke biyan rabin kuɗin makaranta, sauran rabin kuma da aikin gadi nake haɗa shi, dare uku a mako. Ban samu ɗaki a makaranta ba, a Agege nake kwana wurin kawuna, kullum danfo (ƙaramar bas ɗin haya ta Legas) biyu zuwa, biyu dawowa.

Ga abin da ya hana ni sakat. Littafi Mai Tsarki yana hannuna tun safe har dare, amma ban taɓa jin na yi nisa da Ubangiji kamar yanzu ba. In na buɗe Romawa, abin da ke faɗo mini a rai shi ne wace tambaya malam zai ciro daga nan ranar jarrabawa. Sujadar safe ta makaranta dole ce, ana ɗaukar suna, ina zuwa, amma gangar jiki ce kawai ke zaune. Addu'ar da nake daɗewa a kanta a gida yanzu ko minti biyar ba ta kai barci ya sace ni. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, na fara raina wa'azin fastonmu na sashen Hausa, sai in zauna ina ƙirga masa kurakurai.

Waɗanda suka san harkar nan, yaya ake tsara rayuwa a irin wannan makaranta har mutum ya fita da takarda kuma ya fita da ransa? Don Allah bayani nake so dalla-dalla. “Ka ƙara addu'a” kam na sha jin ta.

Tsohon_Malami

Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Kafin kowa ya ce maka matsalar ruhu ce, ɗauko biro mu yi lissafi.

Mako yana da awa 168. Barcin awa 7 kowane dare ya cinye 49. Lakca da sujadar makaranta, mu ce 20. Karatun kai da rubuta aikin da aka ba ka, in dai da gaske kake yi, ba zai gaza 24 ba. Hanya, awa 3 a rana sau biyar, 15 ke nan, shi ma in ba a yi ruwa ba kuma babbar mota ba ta mutu a kan titin Abekuta ba. Ci, wanka, wanki da cefane 14. Ikilisiya, Lahadi da tsakiyar mako, 8. Jimla 130, saura 38. Gadin dare uku, in awa 12 ne kowanne, ya ɗauke 36. Ka ga abin da ya rage maka a duniya awa 2 ne. Tunda kuwa babu mai rayuwa a haka, daga barcinka kake yankowa kana cike giɓin, shi ya sa da ka rufe ido don addu'a jiki ke karɓar bashinsa. Gyara na farko ke nan, kuma ba a ɗakin sujada yake ba: ko ka rage gadin ya koma dare biyu, ko ka tura shi Juma'a da Asabar inda babu lakca washegari, ko ka rubuta wa dattawan da suka turo ka lissafin nan ɗin nan a takarda ka roƙi ƙari. Ba a tauna taura biyu.

Na biyu, ka raba karatun jarrabawa da cin abincin ranka. Ka keɓe Littafi Mai Tsarki guda na Hausa wanda ba ka shiga aji da shi, ba ka ja layi a ciki saboda malam. Littafin da za ka riƙa karantawa da safe kuma kada ya zama wanda ake koya muku a wannan zango. In Romawa kuke yi, kai ka kama Luka ko 1 Sama'ila.

Minti 25 sun isa, muddin ba sa motsi daga wurinsu. Ranar da ba ka gadi, ka kwanta ƙarfe 10, ka tashi 5, ka yi ibadarka kafin wanka, ka fita kafin 6 tun hanya ba ta cushe ba. Waya ta kwana nesa da shimfiɗa, domin in WhatsApp ya riga Zabura shiga idonka, wannan safiyar ta tafi. Ranar gadi kuma ka yi ta da yamma kafin ka karɓi aiki, kada ka bar ta sai ƙarfe 3 na dare.

Yadda za ka raba su: minti 2 ka yi shiru kawai. Minti 3 ka karanta Zabura ɗaya da murya, ko da raɗa ne saboda mutanen ɗaki, don baki in yana motsi ido ba ya rufewa da wuri. Minti 10 a kan aya 10 zuwa 15, ka karanta sau biyu. Daga nan ka rubuta layi uku a ƙaramin littafi: me wurin nan ya nuna game da Allah, me ya tona a kaina, me zan yi yau saboda shi. Layi na ukun shi ne mai wuya, kuma dole ya zama abin da za a iya dubawa da dare a ce an yi ko ba a yi ba. “Zan ƙara ƙauna” ba amsa ba ce. “Zan mayar wa wane kuɗinsa yau” amsa ce. Sauran mintunan na addu'a ne, da jerin sunaye a rubuce: Litinin iyali, Talata ikilisiyar gida, Laraba malamai da 'yan aji, haka har mako ya zagayo. Wanda ba shi da jeri, kansa kawai yake yi wa addu'a, kuma ba ya daɗewa ya gaji da jin muryarsa.

Danfo kuma ba asara ba ce gaba ɗaya. Nan ne wurin karatu mai faɗi, da kunne. Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana sau biyar a mako ya gama shi cif a shekara. Littafi Mai Tsarki duka sura 1,189 ne, uku kullum da biyar ranar Lahadi sun kai ka ƙarshe. Ka sauke mai sauti a waya tun kana inda akwai intanet, ka sa abin ji a kunne ɗaya, wayar tana can cikin aljihun gaba. Kada ka riƙe ta kusa da taga a cunkoso, ka san garin da kake.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Mutum ya ji zafin wa'azi ya ɗaura wa kansa awa biyu kullum, kwana huɗu ya faɗi, kunya ta hana shi komawa ko ga minti goman. Ko ya tsallake kwana uku ya ce sai ya rama, ramuwar ta zama dutse. Ba a rama ibada, daga inda ka tsaya kake ci gaba. Na ukun ya fi kama ɗaliban tauhidi: kana karantawa kana jin “wannan zai yi daɗin wa'azi”. Da ka ji haka, rubuta shi a bangon baya da kalma biyu, ka dawo kan layinka na uku. Ezra 7:10 ya jera abin yadda ya kamata: ya nazarci shari'a, ya aikata ta, sannan ya koyar.

Batun fastonku kuwa, ciwon 'yan shekara ta biyu ne, Bulus ya ambace shi a 1 Korintiyawa 8:1, inda ya ce ilimi kumbura mutum yake yi. Kowace Lahadi ka fito da abu ɗaya daga wa'azinsa da za ka yi biyayya da shi, ka sa sunansa a jerin Talata. In ka ga kuskure na gaske a koyarwa, ka same shi shi kaɗai, kuma da tambaya za ka je masa.

Maman_Zumunta

Baba ya gama magana a kan lokaci, ni bari in taɓa jiki da aljihu, don nan ne yaranmu ke faɗuwa a Ikko, ba a wurin darasin Triniti (Allah ɗaya cikin Uku) ba.

Ɗana, Legas gari ne na kwanan addu'a. Kusan kowace Juma'a akwai inda ake kwana ana sujada, 'yan ajinku kuma za su ja ka. Wanda ke gadin dare uku ba shi da daren da zai bayar. Sau ɗaya a wata ya ishe ka, shi ma ranar da za ka iya kwanciya washegari. Kada wani ya auna maka ruhaniya da yawan daren da ka hana idonka barci. Yesu da kansa ya ce wa almajirai su zo gefe su ɗan huta, yana nan a Markus 6:31.

Azumi ma haka. Rana ɗaya a mako, daga safe zuwa ƙarfe 3 ko 6, kana shan ruwa, kuma ba ranar da ka kwana gadi ba. In kana jin zafi a ƙirji ko ciki na murɗa maka in yunwa ta kama ka, je asibiti a duba gyambon ciki kafin ka shiga azumin kwana 21 da ake yi a farkon shekara. Akwai bambanci tsakanin azumi da rashin kuɗin abinci, kada ka sa wa yunwa sunan ibada. Ka sayi wake, gari, gyaɗa da man ja a Mile 12 ko nan kasuwar Agege a farkon wata, tun kuɗi na hannu, ka dafa wake da yawa ranar Asabar. Burodi da lemon kwalba kullum a tasha ya fi tsada kuma ba ya riƙe ciki.

Gidan sauro dole ne, har a wurin gadi in mai gida ya yarda. In zazzaɓi ya zo a yi gwaji tukuna, in maleriya ce ka shanye maganin na kwana ukun duka, kada ka ajiye rabi don ka ji sauƙi a rana ta biyu. Ku 'yan tarihi kun fi ni sani: 'yan mishan uku, Gowans da Kent da Bingham, a nan Legas suka sauka a watan Disamba 1893 da nufin kai bishara ƙasarmu, kafin 1894 ta ƙare cuta ta ɗauke biyu daga cikinsu. Zazzaɓi bai san mai kira ba.

Kuɗin da ikilisiya ta aiko maka amana ce. Ka buɗe littafi, shafi ɗaya abin da ya shigo, ɗaya abin da ya fita, ka ajiye rasit na makaranta, ƙarshen kowane zango ka aika wa ma'aji hotonsa ko bai tambaya ba. Wanda bai iya ba da lissafin kuɗin makarantarsa ba, gobe baikon ikilisiya za a damƙa masa. Bashin nan na waya da suke turo kuɗi cikin minti biyar, ka guje shi kamar wuta, ruwansa yawa ne da shi, kuma in ka makara wasunsu mutanen da ke cikin wayarka suke bi da saƙo, har fastonka. Cacar ƙwallo ma ba sai na faɗa ba, amma na faɗa.

Sai batun 'yan mata, tunda babu mai son tayar da shi. Da an ji ɗan seminari ne kai, za a fara kawo maka matsaloli “a yi addu'a”. Mace in ta zo da damuwa, ka saurare ta a fili inda ido ke gani, minti goma, ka haɗa ta da matar fasto ko shugabar zumuntar mata. Babu ba da shawara a waya bayan ƙarfe 9 na dare, babu addu'a a ɗaki ku biyu. In kana da wadda kake nema, a gida ko a nan, fasto da kawunka su sani. Abin da ake yi a ɓoye shi ke kai mutum ƙarƙashin horo ana saura wata uku ya gama.

Kuma kawun nan naka da ya ba ka wurin kwana, kana ɗebo ruwa? Kana share tsakar gida? Matarsa za ta fi malamanka sanin ko kana girma.

Ɗan_Saminaka

Na gode Baba, na gode Mama. Lissafin nan ya kama ni, ban taɓa zama na haɗa shi ba. Ruwa kuma ina ɗebowa Mama, shara ce dai sai a hankali.

Akwai abin da na ji nauyin faɗa da farko. A zangon da ya wuce aka koya mana cewa ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, babu shi a wasu tsofaffin kwafi, haka ma labarin matar da aka kama da zina a Yohanna. Tun ranar wani abu ya tsaya mini a wuya. In na ɗauki Littafin sai in ji kamar ana tambayata, wanne ne kuma za a ce babu shi gobe? Ban faɗa wa kowa ba.

Malamin_Helenanci

Ɗan'uwa, gara da ka faɗa, don ina zaton wannan ne ainihin ƙayar, gajiya ta zo ta same ta ne.

Abin da aka koya maka gaskiya ne, amma rabinsa ka riƙe. Markus 16:9-20 babu shi a manyan kwafi biyu na ƙarni na 4, wato Sinaitikus da Batikanus. Yohanna 7:53 zuwa 8:11 ma babu shi a mafi tsufan kwafin Yohanna. Ga sauran rabin. Kwafin Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu da Helenanci sun haura 5,000, ban da tsofaffin fassarori da abin da iyayen ikilisiya, wato malaman Kirista na farko, suka ɗauko a rubuce-rubucensu. Wannan yawan shi ya sa aka iya gane wuraren da ke da tambaya, aka nuna su da yatsa. Masu tsawo irin haka guda biyu ne, kuma su ne waɗannan da ka ambata. Saura yawanci bambancin harafi ne, ko jerin kalmomi, ko aya ɗaya ko biyu, kuma muhimmansu suna nan a ƙasan shafin Sabon Alkawarinka na Helenanci. Babu wani ɗaki da aka kulle sauran a ciki ana jiran gobe. Dogon ƙarshen Markus ɗin ma ba sabon abu ba ne, Ireniyus, ɗaya daga iyayen ikilisiya, ya ɗauko Markus 16:19 wajen shekara ta 180.

Yanzu yi wannan gwajin da kanka, da biro. Rufe ayoyin nan goma sha biyu da hannu, ka tambaya wace koyarwa ce ta faɗi. Tashin Almasihu? Yana Markus 16:6 tun kafin a kai wurin da ake gardama, yana Matiyu 28, Luka 24, Yohanna 20 da 21, da 1 Korintiyawa 15:3-8. Aika almajirai cikin duniya? Matiyu 28:18-20. Haka za ka yi wa kowace tambaya da aji ya tayar maka: rubuta ta a jimla ɗaya a bayan littafinka da kwanan wata, ka rubuta abin da zai rushe in ta tabbata, ka kai wa malamin da ya koyar da darasin a ofishinsa cikin mako biyu, ka nemi ya ba ka abin karantawa daga ɓangarori biyu. Shakkar da aka rubuta tana da iyaka, wadda aka bari a ciki kuwa yaɗuwa take yi har ta shafi abin da ba ruwanta da shi. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne neman amsa a bidiyon masu muhawara ƙarfe 2 na dare a bakin get. Kuma kada ka hau bagade da tambayar da kai ma ba ka gama da ita ba.

A nan zan ɗan saɓa wa Baba, da girmamawa. Raba Littafin safe da na aji yana da amfani na ɗan lokaci, kamar yadda ake ɗaure karaya. Amma in ya zama dindindin, za ka fita da Littafi biyu a kai, ɗaya na Allah ɗaya na malam, kuma wanda ka fi ba awoyi shi zai ci ɗayan. Awa 44 a mako kake ba karatu bisa lissafin Baba, ibadar safe kuwa ba ta kai awa 3 ba. Dole awa 44 ɗin nan su ma su zama sujada. Hanya mai sauƙi: kafin ka buɗe kowane aiki ka yi addu'ar jimla biyu a kan wannan aikin takamaimai. In ka gama rubuta takardar fassarar nassi, ƙara sakin layi ɗaya da Hausa wanda ba za ka miƙa wa malam ba, ka faɗi abin da nassin ke nema daga gare ka. In ka kasa rubuta shi, ba ka gama fahimtar nassin ba, ko da an ba ka maki mai kyau.

Helenancin ma kada ka bar shi ya zama azaba. Haruffa 24 ne. Kalmomin da suka fito sau 50 ko fiye a Sabon Alkawari ɗari uku da 'yan kai ne, amma su ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ido zai gani a shafi. Yanka kwali ƙanana, kalma a gaba ma'ana a baya, biyar sababbi a rana, ka maimaita su washegari, bayan kwana uku, da bayan mako. Kwali ba ya buƙatar caji kuma ɓarawo ba ya fizge shi a danfo. Da ka kai kalma 150, fara karanta 1 Yohanna aya biyu a rana, Helenancinsa ne mafi sauƙi. Mai haddace ƙa'idoji daren jarrabawa kawai, wata shida bayan ya gama ko haruffan sai ya yi tunani.

Gaskiya kuma a cikin aikin makaranta tana cikin wannan magana. Kwafe takardar wani, ko sa kwamfuta ta rubuta maka kai ka sa suna, ko sa hannu wa aboki a rajistar sujada, duk suna kashe addu'a fiye da kowane darasin tarihin nassi.

Rabaran_Mile12

Salama. Abin da zan ƙara guda biyu ne da rabi.

Makarantun Kirista a Legas ba gida ɗaya suka fito ba. Akwai jami'o'i irin Anchor a Ayobo ta Deeper Life, Caleb a Imota, da Augustine a Ilara-Epe ta Katolika. Akwai na tauhidi irin WATS a Ipaja mai bin koyarwar Wesley, LIFE a Ikorodu ta Foursquare, da ta Baptis a Agbowa. Yaron da ya taso a ikilisiyoyin Arewa irin ECWA, COCIN, EYN ko HEKAN zai ji abubuwan da ba haka aka koya masa ba: magana da harsuna, ko mai bi zai iya rasa cetonsa, baftismar jarirai, naɗa mata, warkarwa da arziki. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma kada ka yi ta shawagi. Nemi kundin bangaskiyar ikilisiyarku ka ajiye kusa. Kowane batu ka ja layi uku a takarda: abin da makaranta ta ce da ayoyinta, abin da ikilisiyarku ta ce da ayoyinta, da inda kai ka tsaya yau. Ka kuma koyi bambanta abin da in an taɓa shi bangaskiya ta rushe, kamar allahntakar Almasihu da tashinsa, da abin da masu bi na gaske suka daɗe suna saɓani a kai. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 haka suka yi, suna ji suna dubawa.

Tun yanzu kuma, ba shekarar ƙarshe ba, ka rubuta wa shugabannin gundumarku, in ECWA ne sakataren DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma, ka tambaya ko takardar makarantar nan za ta wadatar wajen ba ka lasisi, ko za a nemi ka ƙara wani kwas a makarantar tauhidi ta Jos ko ta Kagoro. Amsar ta zo a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, makaranta ba ikilisiya ba ce. A makaranta kowa sa'anka ne, kowa na magana irin taka. Ka tsaya a sashen Hausan nan da kake, ka karɓi aiki ɗaya tak wanda ba a tafa wa mai yinsa: ajin yara na makarantar Lahadi, ko ziyarar marasa lafiya, ko koya wa masu gadi da 'yan acaɓa karatu. Ɗaya, na ce, domin in suka ga ɗan seminari za su ɗora maka matasa da mawaƙa da sakatare duka. Ka nemi dattijo guda, ba lallai mai digiri ba, wanda za ku zauna minti 40 duk mako biyu. Ka ba shi izinin yi maka tambayoyi huɗu: yaya addu'arka, me ka kalla a waya, kuɗin wa ke hannunka, da wa kuke faɗa. In babu mai ikon yi maka waɗannan tambayoyin, duk tsarin da aka zana maka a sama wata ɗaya zai yi.

Rabin kuma shi ne harshe. Da Turanci kake karatu, amma waɗanda suka biya maka kuɗi da Hausa za su saurare ka. Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932, kalmomin suna nan: alheri, fansa, barata, tsarkakewa, tuba. Kowace sabuwar kalmar tauhidi da ka koya, ka rubuta yadda za ka bayyana ta ga tsohuwar da ba ta yi boko ba, jimla biyu, babu Turanci ko ɗaya. Ka gwada a kan matar kawunka. In ta ce “wato me ke nan?”, koma ka sake.

Tsohon_Malami

Malam, na karɓi gyaranka, ɗaurin karaya ne, ba a mutuwa da shi. Amma a bar masa shi har ƙarshen wannan zango tukuna. Ɗana, kada kuma ka kwashi duk abin da muka faɗa ka fara gobe gaba ɗaya. Makon nan barci da minti 25 ɗin kawai. Mako na biyu wasiƙar dattawa da zuwa ofishin malaminka. Dattijon da Rabaran ya ce, kafin wata ya ƙare.

Ɗan_Saminaka

Na ji Baba. Na yi magana da abokin aikina, ya yarda mu yi musaya, zan koma Juma'a da Asabar, daren Talata kuma zan riƙe shi zuwa lokacin da amsar dattawa za ta zo. Malam, kwalayen nan, ma'anar da Hausa zan rubuta a baya ko da Turanci, tunda da Turanci ake jarrabawar?

Malamin_Helenanci

Duka biyu. Turanci a sama da baƙin biro, Hausa a ƙasa da ja. Inda ka rasa kalmar Hausa, buɗe ayar da kalmar ta fito a Littafinka na Hausa ka ga abin da masu fassara suka sa.